Neman kalmar Hausa: zanen da ba ya kwaikwayon abin da ido ke gani

Mai tambaya, Mabera: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shirin rediyo kan Hilma af Klint, mai zane 'yar Suwidin da aka haifa a 1862 ta rasu a 1944. Daga 1906 zuwa 1915 ta yi zane 193 waɗanda ta ce ruhohi ne suka umarce ta da yin su, kuma ta bar wasiyya kada a nuna ayyukan sai ta shekara 20 da rasuwa. Turawa na kiran salonta "abstract". Me zan kira shi?

Malami, Arkilla: Wa alaikumus salam. Ki ce "zane marar siffa".

Mai tambaya: Allah ya gafarta Malam, ai da'ira da layi mai naɗewa kamar na katantanwa, waɗanda suka cika ayyukanta, su ma siffofi ne.

Dattijo, Ƙofar Atiku: 'Yata, Larabawa sun daɗe da cewa "tajridi", wato tuɓe abu daga suturarsa. Garin Sakkwato, wanda malamansa suka wallafa ɗaruruwan littattafai da Larabci, bai kamata ya ji nauyin wannan kalma ba.

Ɗalibi, Runjin Sambo: Baba, da girmamawa, manomin Wamakko da ya kunna rediyo ba zai gane ta ba. Ni "zanen baɗini" nake so, tunda abin da ke ɓoye Hilma ke ƙoƙarin bayyanawa.

Dattijo: Ɗana, baɗini kalmar malaman tasawwufi ce, kuma ba daidai ba ne a ɗora ta a kan zaman kiran ruhohi da ita da ƙawayenta huɗu suka riƙa yi tun 1896. Ko kuwa sai abin da aka amince da shi a Kano ne Hausa?

Malami: Ba wanda ya ambaci Kano, ranka ya daɗe. Baɗinin kuma zai ƙuntata ma'anar, domin ba kowane mai wannan salo ne addini ya motsa shi ba. Ku duba zayyanar allon sauka: launi ne da layi, ba mutum ba dabba, amma tana ɗauke da ma'ana. Na janye tawa, a ce "zane marar kwaikwayo", sannan a kawo zayyana misali.

Mai tambaya: Na karɓa, kuma zan ambaci tajridi sau ɗaya a farkon shirin.

Dattijo: To, a yi haka wannan makon, amma kalma uku ba suna ba ce, bayani ne.