Tuffa ta ƙi fure bayan hunturu, me kuka gani a lambunanku?

Mai tambaya, Zariya: Salamu alaikum. Tuffa 'yar shekara huɗu, hunturu ya wuce, toho sai a bakin reshe kawai, sauran reshen ƙwal. Mangwaron da ke gefenta kuwa ya cika da huda. Ciwo ne?

Mai lambu, Jos: Wa alaikumus salam. Malam, lafiyarta ƙalau, barci ne bai ishe ta ba. Idon tuffa ba ya buɗewa sai ya tara awannin sanyi na tsakanin digiri 0 da 7. Yawancin irin Turai na neman awa 800 zuwa sama, amma irin tuffar da ake kira Anna, wadda aka fitar a Isra'ila, 200 zuwa 300 sun ishe ta. Asubahin Zariya da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, ɗan abin da dare ya tara kuma zafin azahar ya goge.

Mai auren itatuwa: To sai a yaudare ta, kamar yadda manoman Batu a Indonesiya ke yi har su girbe sau biyu a shekara. A janye ban ruwa mako biyu zuwa uku. A tsige ganyen kaf da hannu, a datse bakin reshe, a ja rassan da igiya su kwanta, don reshen da ya miƙe sama kansa kaɗai ke toho. Sannan a ba ta ruwa sosai da taki. Cikin wata guda fure ke fita. Inda ake faɗuwa shi ne gaggawa: in idon bai kumbura ya ƙosa ba, ganye zalla za ta bayar. Kuma Anna ita kaɗai ba ta cika kama 'ya'ya ba, sai da wani irin tuffa, Dorsett Golden, kusa, a tsige su rana ɗaya furensu ya haɗu.

Hajiya mai gonar inabi: Masu fesa Dormex, maganin tada idon reshe daga barci, guba ne fa. Safar hannu da takunkumi dole, kuma a kan reshe marar ganye kawai, yana ƙona ɗanyen toho.

Mai lambu, Jos: Gaskiya ne, Hajiya. Shi mangwaro ba ya wannan barci, daren digiri 15 da busasshiyar ƙasa sun ishe shi. Wanda ya zuba masa yuriya da ruwa a Nuwamba, sabon ganye zai gani, ba huda ba.