Ina Karanta Sifaniyanci Amma Bakina Ya Ƙi Buɗewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kula da magaza a wata ƙungiyar agaji a nan Tawa, kuma yanzu an ce in riƙa shiga taron da ake yi ta intanet da ofishin Madrid. Da Sifaniyanci ake yin sa.

Karatu bai dame ni ba, Faransancin lakwal yana taimakona, in aka turo takarda ina gane mafi yawanta. Magana ce ta gagara. Mutanen Madrid suna zuba zance kamar ruwan Agusta, kafin in kama kan jimla sun wuce. Akwai kuma wata ma'aikaciya 'yar Andalusiya, a kudancin Sifaniya, da ke haɗiye "s" na ƙarshen kalma, ita kam sai dai in yi ta gyaɗa kai. In aka zo kaina, sai in tsaya lissafin wane fi'ili zan sa, ser ne ko estar, tunda Faransanci fi'ili ɗaya ya yi wa duka biyun, har wani ya karɓe zancen.

Na daɗe ina fama da Duolingo (manhajar koyon harsuna a waya) bayan sallar isha'i. A ganina ya iya tara wa mutum kalmomi, amma ba ya koya masa amsa tambaya nan take.

Wanda ya koyi harshen nan da girmansa, yaya ya horar da kunnensa? Akwai malami a Yamai da zai yarda mu riƙa hira ta WhatsApp, kuma nawa ne a wata? Jarrabawar DELE ta Instituto Cervantes fa, wadda ke ba da shaidar iya Sifaniyanci, matakin B1 zai ishe ni irin wannan aiki, ko sai B2? Allah ya saka da alheri.