Koya wa yara dabbobi da littattafan hotuna: abin da muka gani a ajujuwanmu

Malamar ajin farko, Tawa:
Assalamu alaikum, malamai ƴan'uwana. Bana na soma koya wa yara dabbobi da littattafan hotuna, kuma ina son jin yadda abin ya kasance a wurinku. Littattafan da aka ba mu kyauta daga Turai suka zo, zanensu yana da kyau ƙwarai, amma yawancin dabbobin ciki na ƙasashen sanyi ne. Ko saniyar da aka zana ba ta da tozo, shi ya sa yaran da suka tashi suna ganin shanun Azawak a kasuwa suka ƙi yarda cewa saniya ce.

Malamin aji biyu, Tabalak:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ba na buɗe littafi sai na fara tambayar yara abin da suka sani, domin ɗan makiyayi ya fi littafin sanin akuya nesa ba kusa ba. Idan sun gama faɗin abin da take ci da yadda take tuƙa, sai in ɗaga hoton barewa in ce su nemo inda suka yi kama da inda suka bambanta. Haka nake yi da tsuntsayen tafkinmu, da shamuwa wadda kowane yaro ya san zuwanta alamar damina ce.

Tsohon darakta, Tawa:
Ƴata, abin da ya fi damuna a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne girman dabba, domin a shafin littafi giwa da zomo duk tsayinsu ɗaya. Ranar da muka zo kan raƙumin dawa, na auna igiya mita 5 na shimfiɗa ta a filin makaranta, na sa yara suka kwanta a jere gefenta, ƙafar wannan a kan wancan, sai da yaro na biyar ya kwanta kafin suka kai ƙarshenta. Bayan haka ne na gaya musu cewa dabbar nan tamu ce, tana yankin Kure kusa da Yamai, kuma a 1996 kusan 50 kaɗai suka rage, yau kuwa sun haura 600, har aka kai takwas daga cikinsu gandun dajin Gadabeji a 2018. A ganina bai kamata yaron Nijar ya gama firamare bai san wannan ba.

Wata uwa, Yamai:
Baba, na yarda da kai, sai dai ina roƙon Malama kada ta ajiye littattafan Turai gaba ɗaya, domin su ma suna nuna wa yaro cewa duniya da faɗi take. Abin da na lura da shi a gida shi ne, labaran da ake sa wa dabba riga da hula suna rikita ƙanana. Ɗana ya ɗauki dorina abar wasa ce, sai da muka je gidan tarihi na Boubou Hama, inda ake ajiye namun daji, ya ga ta wangale baki, daga nan ya koma duba hotonta da idon basira.

Malamin aji biyu, Tabalak:
Na ƙara da cewa, Malama, idan littafin ɗaya ne yara kuma sun cika aji, ki zaunar da su rukuni-rukuni a kan tabarma ki riƙa zagayawa da shi, in an tashi ki kulle shi a akwatin ƙarfe saboda gara.