Mai raunin zuciya da hawan jinin huhu: a ƙara masa sildenafil?

Sabuwar Likita:
Assalamu alaikum, manyanmu. Idan mai raunin zuciya ya zo da haki da kumburin ƙafa, hoton zuciya na eko kuma ya nuna jinin jijiyar huhunsa ya hau, me zai hana a ƙara masa sildenafil ko bosentan, tunda aikinsu shi ne sauke hawan jinin huhu?

Likitan Zuciya:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki dakata tukuna, ki fara gano inda hawan ya taso. A yawancin waɗannan marasa lafiya ba huhun ne da laifi ba. Ɓangaren hagu na zuciya ne ya kasa kwashe jinin da ke zuwa masa, sai ya taru a baya, kamar kwatar da bakinta ya toshe. In kika buɗe jijiyoyin huhu da magani, kin ƙara kwararo jini inda babu mafita, sai ruwa ya cika huhu.

An gwada kuwa. Gwajin epoprostenol, wani maganin buɗe jijiyoyin huhu, a masu raunin zuciya mai tsanani dakatar da shi aka yi, don mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda aka ba. Bosentan da macitentan sun sa jiki riƙe ruwa. A Sifen an ba waɗanda aka yi wa aikin bawul (ƙofar jini ta cikin zuciya) sildenafil miligiram 40 sau uku a rana, suka fi waɗanda ba a ba taɓarɓarewa. Shi ya sa ƙa'idojin Turai na 2022 ba su amince da waɗannan magunguna a nan ba.

Eko ƙiyasi kawai yake bayarwa. Tabbaci sai an zura siririn bututu ta jijiya zuwa zuciyar dama. In matsakaicin matsin jijiyar huhu ya haura 20, na jinin da ke komawa zuciya daga huhu kuma ya haura 15, to daga hagu ne. In tsaurin jijiyoyin ya wuce 5 a ma'aunin Wood, wanda ake auna wannan tsauri da shi, ki tura shi wurin ƙwararru.

Mai Haɗa Magunguna:
Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Likita, zuciyar za ki yi wa magani. Furosemide miligiram 20 zuwa 40 don rage ruwa, a daidaita da nauyinsa. In bugun ya yi rauni, ginshiƙai huɗu ne: sacubitril-valsartan ko lisinopril, bisoprolol daga 1.25, a hau a hankali har 10, amma sai ruwan ya sauka, spironolactone 12.5 zuwa 25. Sai dapagliflozin 10. In za ki sauya daga lisinopril zuwa sacubitril, ki bar awa 36 tsakani, don gudun kumburin fuska da maƙogwaro. Ki duba ƙoda da fotasiyam bayan mako ɗaya ko biyu.

Wani haɗarin kuma: da yawa suna shan isosorbide tare da hydralazine. Haɗa isosorbide da sildenafil na iya faɗar da jini warwas. Ki tambayi magidanta a keɓe, don wasu kan sayi sildenafil a kemis a matsayin maganin ƙarfin maza.

Malamar Jinya:
A koya masa hawa sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ya dawo asibiti. Ya rage gishiri da dunƙule, ya bar diclofenac da ibuprofen. In mai jego ce, a hana ta kunun kanwa.

Likitan Zuciya:
In matashiya ce, ki kalli bawul ɗin mitral, na ɓangaren hagu, da kyau. Ƙuncin da zazzaɓin gaɓoɓi ke bari ba ya buɗuwa da ƙwaya, sai a buɗe shi da balan-balan da ake zurawa ta jijiya, ko tiyata. In kuma hagun ƙalau yake, nemi sikila, HIV, tsargiya, tsohon tarin fuka ko gudan jini a huhu.