Na sayi kyamara don ɗaukar hotunan cikin birnin Kano, wace manhaja zan riƙa gyara su da ita?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar hoto. Wata biyu kenan da na sayi Canon 600D ta hannu, da ɗan lens ɗinta na 18-55 da take zuwa da shi, ba don biki ko suna na saya ba, ni burina in riƙa ɗaukar garinmu ne kawai, badala da ƙofofi da lungunan cikin gari da 'yan kasuwa, saboda a kan idona wasu gine-ginen ƙasa da na taso ina gani a unguwarmu an rushe su an yi shaguna kuma babu wanda ya ajiye ko hoto ɗaya nasu.

To matsalar ita ce in na ɗauka na dawo gida na zuba a laftof sai in ga hoton ba shi ne abin da idona ya gani ba. Ranar Asabar na hau Dala wajen sha biyun rana, a ido gari ya yi kyau sosai har ana hango koren ƙubbar babban masallaci, amma a hoto sama ta fito fari fat kamar takarda, gidajen kuma duk sun yi toka-toka ba armashi. Haka na je marinar Kofar Mata, shuɗin babar nan mai zurfi ya fito kamar baƙi, fuskar dattijon da ke rinin ma ba a gani. Wani abokina ya ce Lightroom ce maganin abin, wani ya ce Photoshop, wani kuma ya ce zai sa min wadda aka fasa, wato ta sata, a kan dubu biyu. Laftof ɗina ba mai ƙarfi ba ne, ram ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar da yake aiki da ita, giga 4 ne, kuma gaskiya ba ni da halin biyan dala duk wata. Wacce zan fara da ita? Ko kyamarar ce ba ta da kyau in sayar?

Wani tsohon mai ɗaukar hoto:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka kuskura ka sayar da kyamarar nan, tun 2011 ta fito amma megafiksel 18 gare ta, mun ci abinci da irinta shekara da shekaru. Ni da na karanta bayaninka inda na tsaya shi ne "sha biyun rana". Nan matsalar take, ba a manhaja ba. Rana tana tsakar ka, haske na dukan rufin kwano yana dawowa, ga hazon hunturu ya tokare sama, duk wanda ka ba kyamara a wannan lokacin abin da zai kawo maka kenan. Kuma ka sani duk inda hoto ya ƙone ya zama fari fat to babu komai a wurin, ba wata manhaja a duniya da za ta dawo maka da shi, sai dai ta shafa maka toka a kai.

Ka koma Dala bayan sallar asuba, ka kasance a sama kafin rana ta ɓullo, ka ba ta baya ka fuskanci Goron Dutse, za ka ga yadda hasken ke kwanciya a jikin katangu yana fito da jan ƙasar nan. Zuwa takwas da rabi ka sauko, an gama. In ɓangaren masallaci da gidan sarki kake so to bayan la'asar sakaliya za ka hau, lokacin rana ta koma bayanka. Ka juya dayal ɗin sama zuwa Av, inda kai ne za ka zaɓi faɗin ƙofar da haske ke shiga lens, ka sa ta a f/8, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, 100 ko 200, sannan akwai ɗan maɓalli a baya mai alamar +/-, ka danne shi ka juya ka rage haske zuwa -2/3 in sama ta shigo hoton da yawa. Gara ya ɗan yi duhu ka ɗaga shi a gida da ya ƙone. In ka duba hoto a bayan kyamara ka danna maɓallin bayani har sai wannan zanen mai kamar tsauni ya fito, duk wurin da ya ƙone za ka ga yana ƙifta maka.

Maganar manhaja kuwa, Canon da kansu suna da tasu kyauta, Digital Photo Professional, mu DPP muke ce mata. A shafinsu za ka sauke, lambar da ke ƙasan kyamararka kawai za su tambaya. Da ita za ka fara.

Wani ɗan uwa mai harkar kwamfuta:

Ni dai abu ɗaya zan roƙe ka, wadda aka fasa ɗin nan ka rabu da ita. Kusan duk sati sai an kawo min laftof shago ya cika da ƙwayar cuta, in ka bi diddigi Photoshop ɗin dubu biyu ce, wani har akawun ɗinsa na Facebook aka kwashe ta nan. Kuma ram 4 ba zai ja sabuwar Lightroom ba ko da ta halal ce, za ka matsa abu ɗaya ka zauna jiran injin. Kamfanin Adobe masu ita, tun bayan Lightroom 6 ta 2015 ba su sake fitar da Lightroom da za ka saya sau ɗaya ka huta ba, sai dai kuɗin wata-wata. In kana son ta kyauta mai ƙarfi akwai darktable akwai RawTherapee, duk halal ne ba sata ba, sai dai darktable tana da wuyar sha'ani ga sabon shiga, maɓallai sun yi yawa kuma ita ma tana son inji. GIMP ita ce kishiyar Photoshop, ta cire abu ko haɗa hoto da rubutu ce, ba ita kake buƙata yanzu ba. In ka samu sarari ka ƙara ram ya kai 8 ka sa SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, wannan zai fi maka amfani a kan kowace manhaja.

Wata 'yar uwa:

Salam. Ni ban yarda sai da kwamfuta ba gaskiya. Shekara uku ina ɗaukar hotunan cikin garin Zariya kuma kusan duka a waya nake gyarawa da Snapseed, ta Google ce, kyauta, ba talla ba rajista, kuma ba ta cin data in ka riga ka sauke. Ka sayi ɗan abin karanta memori mai shiga waya, ka kwashe hotunan tun kana cikin adaidaita kafin ka iso gida. Abin da ya sa nake sonta akwai inda za ka ɗora yatsa a kan wuri ɗaya, misali fuskar dattijon nan na marina, ka ƙara mata haske ita kaɗai ba tare da ka taɓa sauran hoton ba. Sannan akwai na miƙar da gini, ka san in ka tsaya a gindin ƙofa kamar Kofar Nassarawa ka ɗaga kyamara sama sai ginin ya fito kamar zai faɗi baya, to da shi ake tsayar da shi. Lightroom ta waya ma tana da ɓangaren kyauta mai kyau, launi ɗaya-ɗaya za ka iya taɓawa, ka ce shuɗi kawai nake so ya fito, sai dai wasu kayan aikin a kulle suke sai ka biya.

Amma don Allah ɗan uwa in ka fara gyara ka ji tsoron Allah a kan fatar mutane. Abin yana ci min rai, a ɗauki bawan Allah baƙi kyakkyawa a bi shi da filta a mayar da shi wani ja-ja kamar ba shi ba, a goge duk layukan fuskarsa. Wannan dattijon da ka ce, tamojin fuskarsa da shuɗin da ya kama hannunsa har gwiwar hannu su ne hoton. In ka goge su me ya rage?

Tsohon mai ɗaukar hoto ya dawo:

Hajiya maganarki ta fata gaskiya ce, na sa hannu. Amma a kan waya ina da ja kaɗan. Abin da zai kwasa zuwa waya JPEG ne, wato hoton da kyamara ta riga ta dafa ta zubar da sauran. Marina wuri ne mai wahala, ramukan suna cikin inuwa, farin yadi yana shanye a rana, mutum kuma baƙi, duk a hoto ɗaya. A irin wannan RAW ne ke ceto, shi ɗanye ne, komai da kyamara ta gani yana ciki, za ka ɗago inuwa sosai ba ta farfashe ba, ka gyara launin da ya karkace bayan an riga an ɗauka. Shi ya sa na ce DPP, don ita ta fi kowa sanin fayil ɗin CR2, wato RAW ɗin Canon, yadda ka gan shi a bayan kyamara haka za ta buɗe maka shi. Ƙanina ka sa kyamarar a RAW+JPEG, kowane RAW zai ci maka wajen megabayit 25, kati mai giga 32 ya ishe ka yawon yini. Na yau da kullum ka bi hanyar Hajiya a waya, guda biyu ko ukun da suka fi maka daɗi ka zauna musu a laftof.

'Yar uwar ta amsa:

Na yarda Baba, a wuri irin marina RAW ya fi. Ni tsorona kar ya tara ɗanyen hoto dubu a laftof mai nauyi ya gaji ya ajiye kyamarar gaba ɗaya, na ga waɗanda hakan ta faru da su.

Wani daga Maraɗi:

Sannunku da aiki. Ni ba gwani ba ne amma ƙurar hunturu ta taɓa yi min ɓarna shi ya sa zan yi magana. Kar ka cire lens a waje lokacin nan ko kaɗan, in ƙura ta shiga ta zauna a kan sensa, wato ɗan farantin cikin kyamara da ke kama hoton, duk hoton da ka ɗauka na sama za ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a wuri ɗaya. In kana so ka gwada, sa f/16 ka ɗauki farin bango ka duba. Kuma kar ka hura da baki ko ka goge da bakin riga, akwai ɗan famfon roba na hura iska, shi ake amfani da shi. Hazon kansa kuma ba abokin gaba ba ne, da yamma in rana ta zama jan ƙwallo a cikinsa ka samu mai kura ko masu keke sun gifta ta gabanta, hoto ne da ba a samu da damina. Kar ka ce sai ka cire shi duka a wajen gyara, in ka matsa abin cire hazo da yawa sama takan yi dabbare-dabbare.

Wani malamin makaranta:

Duk an yi maganar inji, bari in yi ta mutane tunda cikin gari ka ce. Kurmi ba wurin da za ka shiga da kyamara a wuya ka fara harbi ba ne, kasuwa ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mutanen cikinta sun gaji rumfunan nan kaka da kakanni kuma sun gaji da masu zuwa su ɗauke su kamar kayan kallo. Ranar farko ka bar kyamarar a jaka. Ka yi sallama, ka zauna wajen masu dukanci ko masu sayar da linzami da sirdi, ka sayi ɗan abu, ka faɗi ko kai ɗan wace unguwa ne da abin da ya sa kake yi. In ka dawo karo na biyu ka nemi izini, wanda ya ce a'a ka yi godiya ka wuce. Wanda ya yarda kuma ka wanko masa hoton ko ƙarami ne ka kai masa, wallahi za ka ga yadda ƙofofi za su buɗe, shi da kansa zai kai ka wajen maƙwabcinsa. A marina kuma ka sani suna karɓar baƙi dama, ka tambayi shugabansu ka ba da abin da ya sauwaƙa.

Mata kar ka ɗauka ba da yardarsu ba, ko daga nesa ne. Yara almajirai ma ka yi hattara, ba daidai ba ne a mayar da yunwar yaro abin neman yabo a intanet. Sannan barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike, bankuna, ka kauce musu gaba ɗaya, kar a ƙwace maka kyamara a banza.

Wani matashi:

Ƙarin bayani kaɗan yaya, lungunan cikin gari matsattsu ne, za a ce maka ka sayi lens 50mm f/1.8 don yana da araha kuma yana sa abin da ke bayan mutum ya yi dishi-dishi, lens ne mai kyau amma a kan 600D yana zama kamar 80mm, wato yana matso da abu kusa sosai, sai ka ja baya ka ja baya ka jingina da bango mutum bai shiga ba. Na hannunka a 18 zuwa 24 shi ne daidai lungu. In mutane na tafiya kar gudun shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in adaidaita ce 1/500, ka ɗaga ISO zuwa 800 ba komai. Kuma in za ka tura wa mutane a WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi duk wahalarka ta tafi. Asalin hotunan kuma ka ajiye su wuri biyu, kati yana mutuwa ba sallama.

Mai tambaya:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Yau da asuba na koma Dala kamar yadda Baba ya ce, na sa Av da f/8 na rage haske, wallahi tun a bayan kyamara na ga bambanci, katangun sun fito da jansu har hayaƙin masu ƙosai ana gani yana tashi daga lungu, ban ma taɓa hoton da komai ba tukuna. Na sauke Snapseed, DPP kuma sai dare in data ta yi sauƙi. Abokin nawa na ce masa ya bar ta dubu biyun. Malam, dattijon marinar nan ban nemi izininsa ba ranar, daga gefe na ɗauka, abin ya tsaya min a rai tun da na karanta maganarka. Gobe in sha Allahu zan koma in same shi in nuna masa, in ya yarda in sake ɗauka da RAW da safe in wanko masa. Baba wane girma ya kamata in wanke, inci 5 da 7 ya isa ko in yi 8 da 10?

Tsohon mai ɗaukar hoto:

Yi masa 8 da 12 ƙanina, shi ne daidai da faɗin hoton kyamararka ba sai an yanke gefe ba, kuma ka ce su yi maka a takarda marar ƙyalli don shuɗin ya zauna. Ka ɗan ƙara masa haske kafin ka kai, hoto a takarda kullum yana fin na allo duhu. In ka karɓo ka ɗora mana a nan mu gani kafin ka kai masa.