Ina aji biyu a lissafi a ATBU, ta ina zan fara shirin zama akcuwari?

Dan_Yelwa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawarar manya. Ni ɗalibi ne a jami'ar ATBU Bauchi aji biyu sashen lissafi, kuma raina ya kwanta da aikin akcuwari, masu lissafa wa kamfanonin inshora da fansho haɗari da kuɗin da ya kamata su tanada. To wani abokina ya ce wai sai na koma ABU Zariya ko Jos na sake daga farko tunda su ne ke da kwas ɗin, ni kuma gaskiya bana son asarar shekara biyu, ga Baba ya fara cewa shi bai yarda da harkar inshora ba akwai riba a ciki. Ya zan yi?

Hajiya_Fansho:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka motsa daga inda kake. Ba digiri ke mai da mutum akcuwari ba, jarrabawar ƙwararru ce, kuma wanda ya karanta kwas ɗin a Zariya ko Legas shi ma sai ya bi ta wannan ƙofar. Hanya biyu aka fi bi, jarrabawar ƙungiyar akcuwari ta Ingila wato IFoA, ko ta Amurka wato SOA. A SOA yawanci ana farawa da jarrabawar P wato lissafin yiwuwar aukuwar abu, tambaya 30 cikin awa 3 a kwamfuta, sai FM ta lissafin kuɗi. Kai da kake cikin kalkulas kullum P ta fi maka kusa, abin da ake koya muku ne sai dai a can gudu ake so, minti 6 kowace tambaya, in ka tsaya kana tuno yadda ake yi lokaci ya tafi. Masu harkar kan ce ka ware wajen awa 100 na karatu a kan kowace awa ɗaya ta jarrabawa, ka ga P kaɗai awa 300 ke nan, don haka hutun ƙarshen zango ba na zaman majalisa ba ne.

IFoA kuma Afrilu da Satumba suke yi, jarrabawarsu ta ƙididdiga CS1 tana da ɓangaren manhajar R, ta lissafin akcuwari CM1 tana da Excel. Ko wacce za ka bi ka koyi R da Excel tun yanzu, ni dai a ofis ban taɓa ganin an tambayi ɗalibin da ya zo SIWES (koyon aiki) sakamakonsa ba, fayil ake miƙa masa mai layi dubu goma, ranar haihuwar wasu a juye, wasu sunansu ya fito sau biyu, a ce gyara.

AbuGombe:
Hajiya kin faɗi gaskiya amma kin tsallake babban dutsen, kuɗi. Da dala da fam ake biyan jarrabawar nan kuma ba ɗaya ba ce ba biyu ba, shekaru ake ɗauka mutum na aiki yana rubutawa. Ɗan uwa ni shawarata kar ka yi rajista sai kana cin tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka, akwai su kyauta a shafin SOA, in ka faɗi kuɗin ya tafi. Ka ci ɗaya ko biyu kafin bautar ƙasa ya isa, sauran ka nemi kamfanin da zai ɗauki nauyi. Kuma ka sani aikin yana Legas da Abuja, ba a Wunti ta Bauchi ba.

Malam_Takaful:
Maganar Baba nake so na taɓa don kar a raina ta, dattijo yana da hujja, malamai da yawa sun yi magana a kan riba da garar, wato rashin tabbas a ciniki, a inshorar da aka saba. Amma ka zauna da shi cikin ladabi ka ba shi labarin takaful, wato inshorar Musulunci. Hukumar kula da inshora NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, ga Noor Takaful ga Jaiz Takaful suna aiki. Yadda abin yake, mutane ne ke zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kamfani wakili ne kawai yana karɓar ladan kula, in an biya waɗanda asara ta samu aka ga rara sai a raba wa masu zubi. To wa zai faɗi nawa kowa zai zuba? Misali kawai, 'yan Keke Napep 1,000 sun haɗu, in ana sa ran 30 za su yi hatsari a shekara kowanne gyaran naira 200,000, miliyan 6 ke nan, kowa 6,000. Amma shekarar da aka samu 45 fa? Asusu ya karye, mutane su ce an cuce su. Wanda zai lissafa abin da za a ɗora a kai da abin da za a ajiye gefe shi ne kai ɗin nan, kuma yaranmu na Arewa da suka haɗa lissafin da fahimtar mu'amalat ba su da yawa ko kaɗan.

Hajiya_Fansho:
AbuGombe ban musa ba, Legas ce cibiya, amma ba inshora kaɗai ba ce. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, duk wanda ya yi ritaya ya zaɓi a riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa lissafin akcuwari ne a bayansa. Ga dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA ta 2022 da ta wajabta inshorar lafiya, ga hukumomin inshorar lafiya na jihohi, BASHCMA a Bauchi da GoHealth a Gombenku, ga kuma IFRS 17, ƙa'idar rahoton kuɗin kamfanonin inshora, da ta fara aiki Janairun 2023 ta sa kamfanoni neman masu wannan lissafin ido rufe.

Dan_Yelwa:
Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta wallahi. Zan fara da P, Baba kuma sai bayan sallar Juma'a in ya huta. Hajiya kalkuleta fa, wadda muke amfani da ita a aji za ta yi?

Hajiya_Fansho:
A'a, SOA na da jerin waɗanda ta yarda da su, duk na Texas Instruments ne. Nemi TI-30XS MultiView don P, BA II Plus kuma sai ka zo FM. Ka sa wani mai zuwa Kano ko Abuja ya duba maka, kuma ka saya da wuri hannunka ya saba da maɓallanta.