Wa ya taɓa shiga ramin Harecastle da siririn jirgi?

Ɗan Makaranta: Salamu alaikum jama'a. Mu huɗu muka haɗa kuɗi za mu yi hayar siririn jirgin nan na kanal (hanyar ruwa da aka haƙa) a Ingila, mu tashi daga Middlewich mu haura Stoke ta ramin Harecastle, inda kanal ke ratsawa ta ƙarƙashin dutse. Wanda ya taɓa bin hanyar ya taimaka mana da abin da ya gani.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ramin kake tsoro? Lok ne aikin. Daga Wheelock zuwa Kidsgrove guda 26 ne a jere. Lok kamar akwati ne mai ƙofa gaba da baya, faɗinsa kusan daidai jirgin. Ka shiga, a rufe, a murɗa ƙarfe ruwa ya cika, jirgi ya ɗago, sannan ka jingina bayanka da katakon ƙofa ka tura. Maigidana na riƙe da sandar tuƙi yana shan shayi, ni ce 'yar dako. A lok na tara ƙarfen murɗawar ya suɓuce min ya faɗa ruwa, tsulum! Allah ya sa akwai na biyu. In za ku gangara a dawowa, ku kula da dakalin da ke gindin ƙofar baya, an shafa farin fenti a daidai wurin. Jirgi ya hau kansa, nutsewa ce.

Baban Hanifa: Ni dai ramin ne ya tsaya min a rai. Ruwan bakinsa ja ne kamar kududdufin jar ƙasa, saboda ƙarfen da ke cikin dutsen. Ma'aikaci zai duba fitilarka da hon kafin ya sallame ka, don jirage ba sa gilma juna a ciki. Mita 2,676 ne, mun yi minti 40. Daga Kidsgrove ba ka hango haske a gaba, domin ƙofar can ƙarshen a rufe take, sai rugugin fankokin da ke zuƙe hayaƙi. A tsakiya rufin yana sauka har sai ka durƙusa. Ruwa mai sanyi ya ɗigo min a ƙeya, na yi salati da ƙarfi, yara suna ciki suna min dariya. Wannan ma sabon ne, wanda injiniya Thomas Telford ya gina, 1827. Tsohon yana gefe a rufe, shi kuwa a da kwanciya ake yi rigingine a tura jirgi da ƙafa a jikin bango.

Ɗan Makaranta: Tabɗi. To sallah fa, a jirgi mai faɗin mita 2?

Baban Hanifa: Ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kicin da kujera. In an ɗaure jirgi kuma ku fita bakin hanya kan ciyawa, amma ku duba kashin agwagi kafin ku shimfiɗa.